Mamman Shata: Mawaƙin da ya karɓi zamani amma ya ƙi sakin kalangu

A ranar Juma'a, 18 ga watan Yunin 1999, Allah Ya yi wa Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76 a duniya. Aka ɗauki gawarsa zuwa Daura, aka yi masa sutura a garin ubangidansa, Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar.

A daidai wannan lokaci, a cikin birnin da ya cika, ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa sun fara yawaita, inda saurayi ɗaya da fiyano ɗaya ke fitar da amon da a da sai an tara makaɗa da 'yan amshi kafin a same shi. Wato Shata ya bar duniya ne a kan gaɓar da kiɗan Hausa ke shirin sauya fuska. Ya shafe kusan shekara 60 yana waƙa, ya ga zuwan garmaho da rediyo da talabijin da kaset, duk ya shige su, amma har ya koma ga Mahaliccinsa kalangu ne a bayansa. Tarihinsa na nuna dalilin wannan riƙo, yana kuma nuna abin da ya sa har yau aka kasa sake tayar da irin ƙungiyarsa.

Ɗan da ya saɓa wa gida

An haifi Mamman Shata a garin Musawa da ke cikin Jihar Katsina ta yanzu, a shekarar 1923, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya, kuma dukkansu jinin Fulani ne. Babu makaɗi a gidansu, babu maroƙi.

A ƙasar Hausa ta wancan lokaci wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kiɗa sana'a ce ta gado, kamar ƙira da fawa da wanzanci. Ɗan makaɗi ne ke zama makaɗi, wanda kuwa bai gada ba ya shiga, ana kiransa ɗan haye, ana kuma ganin ya zubar da girman gidansu, domin a idon jama'a waƙa roƙo ce. Saboda haka mahaifinsa bai so ba ko kaɗan. Ya fi son ya ga ɗansa a gona ko a kasuwa.

Shata ya taɓa kasuwar. Ya yi tallan goro, ya yi na alewa, sai dai hannunsa ba ya riƙe kuɗi. Abin da ya samu yakan rabar wa mutane tun kafin ya iso gida, ya dawo hannu rabbana. Daga wannan hali na watsi da dukiya ne wani ɗan uwansa da ake kira Baba Salamu ya laƙaba masa sunan Mai Shata, sunan da ya bi shi har ya danne na yanka.

Waƙa kuwa a dandali ya fara ta, wurin da samari da 'yan mata ke haɗuwa bayan cin tuwon dare. A can ya gano cewa yana da abin da sauran samari ba su da shi: idan makaɗi ya saki kiɗa, baitoci na zuwa masa a take, ba tare da ya kwana yana shirya su ba. Tun yana yi don nishaɗi har ya ajiye faifan talla, ya shiga zagaya ƙauyukan ƙasar Musawa da makaɗansa.

Daga Bakori zuwa Funtuwa

Wanda ya fara riƙe shi riƙo na ubangida shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, ma'aikacin En'e mai kula da sayen auduga da gyaɗa a Bakori. Shi ya kira Shata ya koma can da zama. Bakori ta buɗe masa hanya, domin ƙasar auduga ce, kuma inda kuɗin kaka ke yawo nan biki yake, nan mawaƙi ke samun masu sauraro. Daga nan ya riƙa fita da jama'arsa zuwa Katsina da Kano.

A Kano tauraronsa ya fito sosai. A shekarar 1952, ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka yi babban bikin nan da aka sani da Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan gidan sarautar Kano da dama suka yi aure a lokaci guda. Shata ya yi wasa a wurin, kuma daga ranar sunansa ya shiga bakin hakimai da attajiran birni. Kano ta wancan zamani ita ce Kano ta dalar gyaɗa da jirgin ƙasa, garin da 'yan kasuwa da dillalai da direbobi da ma'aikatan En'e suka sami abin hannu, suna kuma son a ambaci sunansu kamar yadda ake ambaton sarakuna.

Wannan sabon rukuni na jama'a shi ne ainihin fadar Shata. Manyan makaɗan da suka gabace shi ko suka yi zamani da shi, yawanci kowa da sarkinsa. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi kuwa makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne. Shata bai ɗaure kansa a ƙofar fada guda ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura, amma ya yi wa ɗan kasuwa da soja da ma'aikaci da direba, ya yi wa mata, ya yi wa daji da namun cikinsa. Shi ya sa masu nazarin adabin baka ke sanya shi a sahun makaɗan jama'a.

A shekarar 1960 ya koma Funtuwa, garin jirgin ƙasa da gurzar auduga, mai tara baƙi daga ko'ina. Nan ya zama gidansa na kusan shekara 40, ko da yake yana da gidaje a Kano da Musawa.

Yadda ƙungiyar take aiki

Kalangu ba gangar fada ba ce. A al'ada kiɗan mahauta ne, da 'yan dambe, da 'yan mata a dandali. Sarakuna kotso da taushi da tambari ake yi musu. Shata ya ɗauki wannan ganga ta talakawa ya shigar da ita zaurukan sarakuna da gidajen gwamnati, har ta zama idan an ji amonta a rediyo shi ake fara tunawa.

Sirrin kalangu na cikin tsarkiyarsa. Makaɗi na rataye shi a kafaɗa ya matse a hammata. Idan ya matsa, fata ta ɗaure, murya ta yi sama. Idan ya sassauta, ta sauko. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, ƙwararren makaɗi na iya sa kalangu ya faɗi magana, mai kunne kuma ya gane abin da ya faɗa. Ganga ce mai amsawa, mai iya sauya magana a tsakiyar waƙa.

A kan wannan Shata ya gina salonsa. Tsarin a ido mai sauƙi ne: a kafa amshi gajere, makaɗa su riƙe shi suna maimaitawa, shi kuma ya riƙa zuba baitoci a tsakani. Amma baitocin ba a rubuce suke ba, ba kuma haddatattu ba ne daga farko har ƙarshe. Yana tsaye yana duban fili. Idan wani babban mutum ya shigo, sai ya shiga cikin waƙar. Idan wani ya yi kyauta ko ya yi rowa, nan take za a ji. Waƙa guda, in ya rera ta yau a Kano gobe a Zariya, ba za ta fito iri ɗaya ba. Ko Bakandamiyarsa, wadda ya fi shahara da ita, kuma a cikinta yake wasa kansa, ta sha fitowa da sababbin baitoci a lokuta daban-daban. Shi kansa bai iya ƙididdige yawan waƙoƙin da ya yi ba.

Irin wannan waƙa ba ta yiwuwa sai da mutanen da suka san numfashin mai gidansu. Dole makaɗi ya gane inda baiti zai faɗi tun kafin ya faɗi, ya san lokacin da zai danne kiɗa don magana ta fito, da lokacin da zai sake shi don fili ya ɗauka. Dole ɗan amshi ya shigo a kan gaɓa ko da jagora ya ja baiti ya yi tsawo ko ya datse shi. Ba a koyon wannan a wata ɗaya. Sabo ne na shekaru, na tafiya a mota ɗaya da kwana a masauki ɗaya. Da wannan ne masana suka ga abin nazari a wurinsa. Tun a shekarar 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'umma.

Abin da ya karɓa da abin da ya bari

Mai neman sanin matsayin Shata game da kiɗan zamani, ya dubi abin da ya karɓa da abin da ya bari a tsawon rayuwarsa.

Ba maƙiyin sabon abu ba ne. Lokacin da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a farkon shekarun 1960, muryar Shata na cikin waɗanda suka cika shi, har ta kai manomi a Lajawa ta ƙasar Wudil da ɗan tireda a Kantin Kwari da Bahaushen zango a Kumasi suna jin waƙa guda a lokaci guda. Kamfanin EMI ya buga fayafayensa. Da kaset ya zo, ya shiga kowace tasha da kowace rumfar mai shayi. Da gidajen talabijin suka buɗe a Kaduna da Kano, ya tsaya gaban kyamara da babbar rigarsa. Ya hau jirgin sama ya kai waƙa ƙasashen Afirka ta Yamma, ya kai ta har Amurka.

Haka nan a jigon waƙa bai tsaya a jiya ba. Lokacin Yaƙin Basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojoji. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa da kalangu, ya kawo wa mutanen karkara labarin da harshen da suke ji. Ya yi waƙoƙin noma da na gargaɗi da na yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya kuma yi waɗanda malamai suka yi tir da su, musamman waƙarsa ta shan ruwa, wadda har yau ake muhawara a kanta. Harshensa na da kaifi wajen zambo, kuma ya yi zafafan saɓani da wasu abokan sana'arsa, irin su Ali Makaho da Amadu Doka da Musa Ɗanba'u, yayin da ya zauna lafiya da irin su Ɗanmaraya Jos.

Abin da bai taɓa ba shi ne tsarin ƙungiyarsa. Kuma ba don bai ga wani tsarin ba ne. A gabansa kiɗan hayilayif ya cika otal-otal na Kaduna da Jos da Sabon Garin Kano. A gabansa Bala Miller ya kafa ƙungiyarsa mai jita da ƙahonnin Turawa tana rera waƙa da Hausa. A gabansa finafinan Indiya suka mamaye silimu, samari suka haddace karin waƙoƙinsu. Daga 1990, da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan Hausa na bidiyo a Kano, fiyanon Yamaha ya fara zama uwa da makarɓiya a waƙoƙin matasa. Mutum mai suna da dukiyar Shata, da ya so ya sayi waɗannan kaya ya ɗauki masu kaɗa su, babu abin da zai hana shi. Bai yi ba.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya fahimci salonsa. Rediyo da faifai da talabijin suna ɗaukar waƙa ne bayan an yi ta, su kai ta nesa, ba sa shiga tsakanin mawaƙi da makaɗinsa. Kiɗan na'ura kuwa akasin haka ne. Ana tsara shi tun kafin a buɗe baki, mawaƙi ya bi shi sawu da ƙafa. Fiyano ba ya ganin baƙon da ya shigo fili, ba ya jin an ja baiti balle ya jira. A wurin Shata kiɗa ne ke bin mawaƙi. Ranar da mawaƙi ya koma bin kiɗa, abin da ya sa Shata ya zama Shata ya tafi. Ya karɓi duk abin da zai ƙara wa muryarsa nisa, ya bar duk abin da zai ɗaure mata ƙafa.

Siyasa da karramawa

Shata bai tsaya a waƙa kaɗai ba. Duk da cewa manyan iyayen gidansa sarakuna ne da attajirai, a siyasa zuciyarsa ta fi karkata ga ɓangaren talakawa. A shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga jam'iyyar GNPP, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na Ƙaramar Hukumar Funtuwa, amma bai daɗe ba aka sauke shi bayan saɓani da manyan jam'iyyar. Mutumin da ya saba faɗin abin da ke bakinsa a gaban sarki, da wuya ya iya zaman biyayya na 'yan siyasa.

Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na Dokta a ƙarshen shekarun 1980. Yaron da mahaifinsa ya ji kunyar ya zama maroƙi, shi ne manyan malaman jami'a suka sanya wa rigar digiri. Da wannan ya ɗaga darajar sana'ar baki ɗaya. Bayan rasuwarsa, a shekarar 2006, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa cikakken tarihinsa a littafin Shata Ikon Allah.

Abin da ba a gada

A duniyar kiɗa, idan jagora ya faɗi, tambayar da ke biyo baya ita ce ko ƙungiya za ta ɗore, ko kuwa za a iya sake haɗa ta wata rana. A Ingila, shahararriyar ƙungiyar nan ta Led Zeppelin ta watse a 1980 saboda mutuwar mai gangarta, John Bonham, amma a 2007 sauran suka sake haɗuwa a Landan suka yi wasa, ɗan mamacin na riƙe da gangar mahaifinsa. A Legas, da Fela Anikulapo Kuti ya rasu a 1997, ɗansa Seun ya karɓi ragamar ƙungiyar Egypt 80 ya ci gaba da yawon duniya da ita. A nan gida ma akwai misali. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya gaji kiɗa daga mahaifinsa, ya yi shi tare da yayansa Kurna, ya kuma tayar da 'ya'yansa a cikin amshi. Waƙoƙinsa tsararru ne, ana zama a shirya su, kowa ya haddace rabonsa. Saboda haka da ya kau, gidan bai yi shiru ba.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne akwai wani abu tsayayye da za a miƙa wa na baya: tsararren kiɗa, haddatacciyar waƙa, ko gidan da aka tashi a cikin sana'a. Na Shata ba haka yake ba. Bai gada ba, kuma jarinsa ba irin wanda ake rabawa a gado ba ne. Ana iya tara kalangai, a samo 'yan amshi, a kafa amshin da kowa ya sani. Wasu daga cikin zuriyarsa da masu sha'awarsa sun yi hakan, suna kuma yi a bukukuwa, jama'a na jin daɗi suna tuna baya. Sai dai abin da suke rerawa shi ne abin da kaset ya kama a wata rana guda, alhali shi mai waƙar bai taɓa ɗaukar wannan ranar a matsayin ƙarshen waƙar ba. Mai maimaita Shata kalma da kalma ya riga ya saɓa wa Shata, domin shi ba ya maimaita kansa.

Nan hasarar take, kuma ta wuce ta mutum ɗaya. A yau mai biki a birni ya fi samun sauƙin ɗauko mai na'ura da lasifika a kan ya ɗauki nauyin ƙungiya guda da motarta da masaukinta. Matashin da ke da murya ya fi ganin riba a shiga situdiyo ya fito da waƙa a yini ɗaya, a kan ya shafe shekaru yana amshi a bayan wani. Ba laifin matasan ba ne, kuma a cikinsu akwai masu fasaha ta gaske da suka kai Hausa inda ba ta taɓa zuwa ba. Amma makarantar da ke haifar da irin Shata, wato dandali da filin biki da doguwar tafiya da makaɗa, ita ce ke rufewa a hankali. Idan babu masu ɗaure kalangu da masu sa shi magana, ko an haifi mai irin basirarsa ba zai sami wanda zai amsa masa ba.

Akwai kuma abin da ya rage a hannu wanda ake iya ceto. Waƙoƙin Shata masu yawa ba a taɓa ɗaukar su ba, sun tafi da iskar wuraren da aka yi su. Waɗanda aka ɗauka kuwa suna warwatse a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da talabijin, da tsofaffin fayafayai da kaset-kaset a hannun masu sha'awa, kuma zare ba ya jure zafi da ƙura har abada. Waɗanda ke yawo a wayoyi da intanet sau da yawa guntaye ne, babu shekara, babu wurin da aka yi su, babu sunan makaɗan da suka raka shi. Tattara su da tantance su aiki ne da ke jiran jami'o'i da hukumomin al'adu na jihohin Katsina da Kano, da ma attajiran da kakanninsu da iyayensu suka shiga tarihi ta bakinsa.

Shata ya yi fama da jinya a ƙarshen rayuwarsa, an kwantar da shi a Kano, an kuma kai shi Jidda neman magani, kafin wa'adi ya cika. Ya bar mata da 'ya'ya da jikoki. Ya kuma bar muryar da har gobe, in ta tashi a rumfar kasuwa ko a cikin motar haya, za a ga dattijo ya yi shiru yana kaɗa kai, yaro kuma ya tambayi ko wane ne.

Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.